Murhun Ankul Rajan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta zo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, "To Rakiya, ba mu labarin Malesiya. An ce kamar Turai take ko?" Wasu kuma dogayen benayen nan biyu da suke gani a hoto kawai suke so su ji ko na hau. Ban hau ba. Yawancin zamana, in ba su ne a rufe ba, to ni ce a rufe. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Amma in faɗa tun yanzu, ba labarin yawon buɗe ido ba ne.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata kwalejin fasaha a Kano. Na samu tallafin gwamnati don in yi digiri na uku, takardu suka fito, sai korona ta sauka aka rufe ko'ina. Wata da watanni akwatina yana ɗaure a bayan ƙofa. Da aka buɗe filayen jirgi, jami'ar can ta aiko da izinin shiga, maigidana ya ce, "Ki tafi kawai. In kika tsaya jiran cutar nan ta wuce, gurbin ne zai wuce." Na kai yarana biyu Fagge wurin Inna, na hau mota zuwa Abuja.

A Abuja aka fara zura mini tsinken nan a hanci. Sharaɗin shi ne kada gwajin ya wuce kwana uku kafin tashi, su kuma masu gwajin sai da suka cinye biyu da rabi. Ina kan layin auna kaya, gumi ya jiƙe mini takunkumi, sannan sakamakon ya shigo wayata. A cikin jirgi kowa ya ja jikinsa. Wani bawan Allah ya yi tari sau ɗaya, mutane suka juyo suna kallonsa kamar ya zagi iyayensu.

Filin jirgin Kuala Lumpur ƙato ne, amma shaguna duk a rufe, fitilu rabi a kashe. Waɗanda suka tare mu sun sa fararen kaya daga kai har ƙafa, ba ka gane mace ko namiji sai an yi magana. A wurin binciken kaya jami'in ya buɗe wata leda a akwatina, ya ja da baya da sauri ya ce, "Madam, me ya mutu a nan?" Daddawa ce. Ina ta kame-kamen yadda zan yi bayani, sai abokin aikinsa ya ce masa, "Ka gode Allah, tunda ka ji wari ta cikin takunkumi, ba ka da korona." Suka ƙwace kilishi, suka bar mini daddawa da kuka. Aka ɗaura mini wani abin hannu na roba ruwan hoda, aka loda mu a bas zuwa otal ɗin killacewa.

Kwana goma sha huɗu na yi a ɗaki ɗaya, taga ba ta buɗuwa. Abinci a kan kujera ake ajiyewa a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, kafin ka buɗe mai kawowa ya ɓace. Da safe shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da 'yan mitsi-mitsin kifi da gyaɗa, da wata miyar barkono mai sukari. A gidanmu in mace ta zuba sukari a miya sai a tambaya ko lafiyarta ƙalau. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kibiyar da aka manna a silin don nuna alƙibla. Yamma ta nuna. Ni da na tashi na san sallah gabas ake fuskanta, sai da na yi kwana biyu ina tayar da kabbara zuciyata tana ce mini na ba Ka'aba baya.

Da aka yanke abin hannun, na koma Setapak, unguwar ɗalibai da gidajen haya masu sauƙi. Na zauna da Hafsat, wata 'yar Zariya da ta riga ni zuwa da shekara biyu. Ita ta koya mini gari: yadda ake hawa jirgin ƙasa na cikin birni, da shagunan abinci na Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, da kalmar tapau, wato a ƙunsa maka ka tafi da shi, don lokacin an hana zama a ci. Mutanen can gaisuwarsu ita ce "Ka ci abinci?" Ranar farko da maigadin gidanmu ya yi mini ita, na ɗauka ramewa na yi har ta kai a tausaya mini. Ba su da doguwar gaisuwa irin tamu, babu ina gajiya, babu ya yara. Amma ko wane dattijo Ankul ne, ko wace dattijuwa Anti, wannan kam ya yi mini kamar gida.

Farfesan da yake duba aikina shi ya samo mini wurin bincike a wata masana'anta da ke bayan gari, inda ake ƙera cif, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da suke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota. A kan wani faifai mai sheƙi kamar madubi ake sassaƙa su, kuma ba da wuƙa ba, da wasu nau'o'in gas ake yi, da su kuma ake wanke cikin injinan. Gas ɗin ba ka ganinsa da ido. Amma in ya tsere sama, ɗan kaɗan daga cikinsa yana riƙe zafin duniya fiye da hayaƙin mota ninki dubbai, wani ma yakan yi dubban shekaru bai narke ba. Saboda haka kafin ya fita ta bututu sai an bi da shi ta cikin wata na'ura mai wuta ta ƙone shi. Ni dai da na gan ta na ce ai wannan murhu ne, kuma haka zan ci gaba da kiranta.

A bakin ƙofar masana'antar akwai wani ƙaton allo kore da hoton itace, an rubuta alkawarin kamfanin: za su rage gas ɗin da suke saki sosai kafin wata shekara da suka ɗibar wa kansu, daga baya su daina gaba ɗaya. Manyan masu sayen kayansu na ƙasashen waje duk shekara sai sun ga rahoton inda aka kwana. Aikina shi ne in hau rufin da na'urar awo, in gwada abin da ke fita daga bututu bayan ya bi ta murhu. A kan wannan awon zan rubuta kundin digirina.

Shugabar ofishin muhalli, Puan Noraini, ita ta karɓe ni. Puan a wurinsu kamar a ce Hajiya ne ko uwargida. Mace ce mai sanyin magana, har ɗinki irin nasu ta ba ni da ƙaramar Sallah. A satin farko kuma na buge gwiwa a matakalar ƙarfe na ce, "Wayyo Allah!" Sai na ji wani daga cikin ma'aikatan masana'antar masu sanye da fararen kaya ya ce, "Sannu, Malama." Na kusa faɗowa. Injiniya Bulus ne, mutumin Jos, yana kula da ɗaya daga cikin layukan ƙira, ya shekara tara a ƙasar da matarsa da yara uku.

Amma wanda na fi zama da shi shi ne Ankul Rajan, makanikin da murhunan suke hannunsa. Ba'indiye ne ɗan ƙasa, mazaunin unguwar Brickfields, ya haura sittin, kullum da ɗan farin zane a goshinsa. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin murhu, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya ce, "Wannan lafiyarsa lau. Na ukun can ne mai taurin kai lah." Wannan lah ɗin haka mutanen can suke liƙa ta a ƙarshen magana. Tun kwamfuta ba ta nuna komai ba yake gane wutar ta fara rauni. Yana zuwa da shayi a fulas, amma duk watan azumi ban taɓa ganin ya kai shi baki a gabana ba. Wata rana muna wucewa ta gaban koren allon nan ya nuna shi da haɓa ya ce, "Madam, su na ofis da baki suke yin alkawari. Ni nake cika shi da sifana." Kuma gaskiyarsa. Duk watannin da na yi ina awo yana nan, abin da ke fita daga bututun bai taka kara ya karya ba.

Sai cutar ta dawo da ƙarfinta, aka sa dokar kulle mai tsanani. Aka rufe makarantu da kasuwanni da masallatai, amma ba a rufe mu ba, don duniya duk ta koma aiki daga gida, kowa yana neman kwamfuta, masu ƙera motoci suna kukan ba cif. Aka ba mu takardar izinin fita. Kullum da safe sai na wuce shingen 'yan sanda biyu, in miƙa takarda, a dubi fuskata, a dubi fasfo, a sake duban fuskata. Titunan da Hafsat ta ce da ba a iya tsallakawa sun zama fayau, sai motar asibiti da masu kai abinci a babur. A Setapak mutane suka fara rataye farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare a gidan. Mu a gida ko maƙwabci bai faɗa ba za a gane tukunyarsa ba ta hau ba, a aika yaro da kwano. A can kowa ƙofarsa a rufe, sai ya rataye ƙyalle sannan a sani. Ni da Hafsat mukan dafa da yawa mu rataye a hannun ƙofa mu wuce. A hanyar masana'anta kuma akwai gidan kwanan ma'aikata baƙi da aka zagaye da waya mai ƙaya saboda cutar ta shiga. Suna tsaye a baranda suna kallon motoci, ba mai ɗaga hannu.

Aka rage yawan masu shiga aiki, amma ba a rage aikin ba, ƙaruwa ma ya yi. Mataimakan Ankul Rajan biyu suka kamu. Na ce masa, "Ankul, da shekarunka ai ya kamata ka zauna a gida." Ya ce, "In na zauna, wa zai saurare su?" Ranar wata Laraba na ji yana tari a bayan murhu na biyu. Washegari bai zo ba. Daga asibiti ya aiko mini da saƙon murya, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma: "Madam, ki ce wa Bulus na ukun nan, bakin da ke kunna wutarsa ya kusa cinyewa. A yi odar wani tun yanzu." Na ce masa ya bar zancen murhu ya ji da kansa. Bai buɗe saƙona ba. Bayan kwana tara Puan Noraini ta kira ni ta gaya mini ya rasu.

Ma'aikatan lafiya ne suka yi masa komai. Matarsa ta waya ta kalla, ɗansu kuma yana wata ƙasa, ba jirgi. Ba zaman makoki, ba shiga gida a yi gaisuwa. Ni da na saba in an yi rasuwa a unguwa tabarma har bakin titi, sai ga shi mutumin da nake wuni da shi ya tafi, iyakacin abin da na iya shi ne in rubuta wa matarsa layi biyu.

Ba a yi sati biyu ba murhu na uku ya mutu. An yi odar bakin kunna wutar, amma yana can wata ƙasa ya maƙale, ma'aikacin da zai zo ya ɗaura shi ma ba a ba shi izinin shigowa ba. Ni ban san da wannan ba tukuna. Na dai hau rufi na kafa na'urata a bututu na uku, sai na ga lambar ta yi sama ta wuce duk inda na taɓa gani. Na ɗauka na'urar ce ta lalace. Na sauke ta, na saita, na sake hawa. Sau uku ina yin haka. A karo na ukun na tarar da Bulus a gindin matakala yana jirana.

Ya ce, "Malama, ki daina wahalar da kanki, na'urarki lafiya lau take. Ni na buɗe bututun kewaye. Gas ɗin ba ya bi ta murhu yanzu, kai tsaye yake fita."

Na ce, "Injiniya, me ya hana a tsayar da layin?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "A tsayar? Jiya kaɗai sau huɗu aka kira daga hedikwata ana tambayar kaya. Umarni aka ba ni."

Kusan wata uku aka yi a haka. Kullum in hau, in auna, in rubuta. Abin da ya fi damuna shi ne babu abin gani. Sararin sama garau, tsuntsaye suna sauka a kan bututun, ruwan la'asar ya zo ya wanke rufin. Da baƙin hayaƙi ne da wani ya yi ihu.

Da lokacin rahoton shekara ya zo, Puan Noraini ta kira ni ofis. Ta rame, mahaifiyarta ma tana asibiti a lokacin. Ta tura mini takarda ta ƙarƙashin gilashin da aka kafa a tsakiyar teburin. An yi lissafin ne da ƙiyasi, kamar duk murhunan sun yi aiki shekara cur. Da wannan lissafin kamfanin ya cika abin da ya yi alkawari na bana. Saura sa hannun wanda ya duba bututun.

Na ce, "Puan, wannan ba abin da na auna ba ne."

Ta ce, "Na sani, ƙanwata. Ban ce ki yi ƙarya ba. Hanyar ƙiyasi ce, an yarda da ita, kowa da ita yake aiki."

"An yarda da ita in murhu yana ci."

Ta cire tabarau ta murza ido. "In abin da kika auna ya fita, masu saye za su janye, a kai layin wata ƙasa. Matan nan da kike gani suna aiki a ciki, da yawansu su kaɗai suka rage masu kawo abinci gida. Wata uku ne fa kawai. An gyara. Ba zai sake faruwa ba."

 Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Puan, da ban hau rufin ba da na sa hannu. Amma na hau."

Ba ta yi faɗa ba. Ta janye takardar ta ce, "Boleh," wato ba komai. Bayan kwana biyu katina na shiga masana'anta ya daina buɗe ƙofa. Aka aiko wa Farfesa wasiƙa cewa bisa yarjejeniyar sirri da na sa wa hannu tun farko, duk awon da na yi mallakar kamfani ne, ba zan sa ko layi ɗaya a kundina ba. Ba na wata ukun nan kaɗai ba, har da duk na baya.

Bulus ne ya sa hannu. Shi da kansa ya gaya mini, bayan an sassauta kulle, a bakin tafkin Titiwangsa, muna zaune a benci ɗaya da tazara tsakaninmu. Ya ce, "Takardun zaman matata da yara duk a kan aikin nan suke rataye. Ban zo don ki ce na yi daidai ba, na zo ne don kada ki ji a bakin wani." Na ce masa na ji. Kuma kada wani ya ɗauka ni wata jaruma ce. Akwai hukumar da zan iya kai wa magana, na san inda ofishinta yake, har na taɓa rubuta wasiƙar. Na tuna bizata, na tuna yarana a Fagge, na goge ta. Iyakar abin da na yi shi ne na janye hannuna.

Farfesa ya ce in faro wani binciken a ɗakin gwaji na jami'a. Ɗakin kuwa rabin lokaci a rufe yake. Na yi ta fama har wa'adin tallafina ya cika, aikin bai kai rabi ba. Aka ce in dawo gida in ci gaba daga nan in hali ya yi. Wannan ita ce amsar masu tambayar me ya sa ba a kira na Dakta.

Ana jibi zan taso na ce ba zan bar ƙasar ba sai na ga matar Ankul Rajan. Na hau jirgin ƙasa zuwa Brickfields, na bi ta cikin masu sayar da furanni da ƙamshin turaren tsinke, na hau wani tsohon bene hawa uku. Anti Devi 'yar ƙaramar mace ce, gashinta fari fat. Ta sa na zauna, ta kawo shayi mai madara da wani ƙosai nasu mai rami a tsakiya, ta tsaya a kaina sai da na cinye biyu. Ta ce yana yawan zancena, wai 'yar Afirkan nan ba ta tsoron matakala.

Sannan ta tashi ta ɗauko wata wasiƙa da ta sa a gilashi, kusa da hotonsa. Daga kamfanin ce. Sun yi mata ta'aziyya, sun ce saboda ƙwazon mijinta ne suka cika alkawarinsu na rage gas a wannan shekara.

Ta ce, "'Yata, ni ban san aikinsa ba. Shekara da shekaru yana fita da fulas yana dawowa da baƙin mai a riga. Ke kin yi aiki da shi. Abin da suka rubuta nan, gaskiya ne?"

Na dubi takardar, na ga sa hannun Puan Noraini a ƙasa.  Sannan na ce, "Anti, abin da na sani zan faɗa miki. Duk tsawon lokacin da Ankul yake zuwa aiki, babu ranar da wutar nan ta mutu. Ko ɗaya. Ni na auna da hannuna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta tambaye ni abin da ya faru bayansa ba, ni ma ban ƙara ba. Ta mayar da wasiƙar inda take, ta jawo biro da bayan wata ambulan, ta sa tabarau ta ce, "Sake faɗa mini, a hankali. Zan aika wa ɗansa."

Na sake faɗa, tana rubutawa da harufansu masu lanƙwasa, har ta kai ƙarshe.